Yadda ake ɗaukar gwajin bakin mahaifa ba tare da iskar Damagaram ta ɓata shi ba

Gwajin Pap, wanda ma'aikatan asibiti ke kira furoti, kankaro ƙwayoyin halitta ne daga bakin mahaifa a duba su da madubin likita, don a kama canjin da ke rigayar sankara da shekaru.

Kada mace ta zo tana jinin al'ada. Kwana 2 kafin gwajin ta dakata da kwanciyar aure, da matsi, da wanke cikin gaba. Tun ba ta hau gado ba, ungozoma ta rubuta sunanta da lambarta da fensir a gefen ɗan gilashin da za a shimfiɗa ƙwayoyin a kai. Tawadar bik narkewa take a alkol.

A jiƙa ƙarfen buɗa gaba da ruwan ɗumi kawai, don man shafawa yana rufe ƙwayoyin. In farin ruwa ya yi yawa, a ɗauke shi da auduga a hankali, ban da gogewa. A kafa dogon bakin ƴar katakon da ake kankaro ƙwayoyin da ita a ramin bakin mahaifa, a juya ta zagaye guda cikakke. Wannan mahaɗa, inda fatar waje ta gamu da ta ciki, nan cutar ta fi farawa. Sai ƙaramin burushi a cikin ramin, rabin juyi ya isa. Wuce haka jini yake jawowa. A shimfiɗa abin da aka ɗebo a kan gilashin, siriri, ja guda. Mai kauri ƙwayoyinsa hawa juna suke, ba ya karantuwa.

To, ga inda aikin ya fi lalacewa a nan. Da hunturu ko bazara, gilashi yana bushewa kafin a ajiye burushi. Ƙwayar da ta sha iska kumbura take, cibiyarta ta dusashe, rinin da ake sa wa ƙwayoyin kafin a duba su ya ƙi kama ta, mai dubawa ya kasa rarrabe lafiyayya da mai ciwo. Don haka kwalbar alkol mai ƙarfin kashi 95 ta kasance a buɗe kusa da hannu, a kashe fanka, a tsoma gilashin nan take, ya yi aƙalla minti 15. Alkol mai kashi 70 na goge wurin allura ne, ba ya wannan aiki. Kwalbar da aka saba bari ba murfi kuwa ƙarfinta ya tafi, a zuba sabo.

Bayan an tsamo shi ya bushe, sai akwatin gilasai mai rufi saboda ƙura, musamman in Yamai za a aika shi, tafiyar wajen kilomita 900. Takardar rakiya ta nuna shekarun matar, ranar al'adarta ta ƙarshe, da ko tana da ciki ko tana tsarin iyali.

Bakin mahaifar da ke da tsiro ko yake zubar da jini da an taɓa, ba a jiran sakamakon furoti. A tura matar wurin likitan mata a yanko ɗan nama a auna.