Kafin ka diro daga jirgi da lema, duba waɗannan

Masu zuwa Dubai da yawa yanzu suna sha'awar dirowa daga jirgi a saman tsibirin Palm Jumeirah, to dan Allah kafin ka biya kuɗi ka san me za a ɗaura maka. Karon farko tandem ake yi, a haɗe ka da malami yana bayanka, ku fito daga wajen ƙafa 13,000 ku yi kusan minti ɗaya kuna faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa kafin ya buɗe lema. Naka aikin kaɗan ne, ka banƙare, haɓa sama, ƙafafu baya, wajen sauka kuma ka ɗaga ƙafafunka gaba malamin ya fara taɓa ƙasa. In kana mura ka haƙura, kunne zai sha wuya.

Lema biyu ce a jakar, babba da ta ko-ta-kwana. Ita ta biyun sai mai lasisi ke naɗe ta, a Amurka ma doka ce duk kwana 180 a warware a duba a sake naɗewa ko ba a taɓa ta ba, kuma akwai ɗan kati a jikin jakar mai kwanan wata da sa hannu, ka ce a nuna maka, ba rashin kunya ba ne. Sai na'urar AAD, irin su CYPRES da Vigil, tana auna tsayi da gudu, in mutum ya suma ko ya ruɗe har ya kusa ƙasa yana faɗowa da ƙarfi ita za ta yanke zaren da ya riƙe ta ko-ta-kwana ta buɗe. Ka tabbata an kunna ta tun a ƙasa.

Wanda zai ci gaba ya koyi dira shi kaɗai, nan ne na fi damuwa wallahi. Lasisin farko na USPA, ƙungiyar masu dira da lema ta Amurka, dira 25 ne, daga nan sai ka ga yaro yana neman ƙaramar lema saboda ta fi gudu ta fi burgewa. Kar ka soma. Mutane da yawa lemarsu ta buɗe lafiya lau amma suka juya da ƙarfi dab da ƙasa, lemar ta nutsa da su, wasu karaya wasu rasuwa. Lissafin sabon shiga shi ne nauyinka da kaya a fam kada ya wuce faɗin lemar a murabba'in ƙafa, in kai da kayanka kilo 85 ne, wato fam 187, ka nemi mai 190 ko ma 210. Kayan hannu ba laifi in mai naɗin lema ya duba maka ɗinki da igiyoyi da shekarun AAD ɗin kafin ka biya.

Kafin kowace dira ka taɓa hannayen gaggawa a jere, na dama mai sakin babbar lema sannan na hagu mai buɗe ɗayar, ka duba maɗaurin ƙirji da na cinya, ka ga agogon tsayi na kan sifiri, wani ma ya duba maka baya. Kyamara kuwa USPA ta ce a bari sai an yi dira 200, don tana ɗauke hankali kuma igiya na iya maƙalewa a jikinta.