Ga sababbin zuwa Yamai: maganar da ba a yi muku a tasha

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na sauka Yamai daga Sakkwato, ta Illela da Birnin Ƙonni, da jakar kaya ɗaya da lambar wani kawuna. Har yau wata ba ya ƙarewa ban ga sababbin fuskoki a kasuwar Katako ko ta Wadata ba, yara masu ƙarfi a jika, sun baro iyali sun zo nema.

Abin da ke tayar muku da hankali a makon farko ba shi da wuya. Lissafin sefa kwana uku ne: dala ɗaya faran 5, jaka ɗaya faran 1000. Ku riƙe takardun shaidarku a aljihu kullum. Ku koyi gaisuwa da Zabarmanci, ko "fofo" kaɗai ce. Ɗakin haya kuwa, mutanenmu na nan ba sa barin baƙo ya kwana a waje, wannan kam ina alfahari da shi. Na sha ganin an yi karo-karo an biya wa yaro hayar wata uku alhali ba wanda ya san ubansa.

Amma akwai abin da za a zauna da kai shekara ana cin tuwo kwano ɗaya ba a taɓa maka shi ba: ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya.

A shekarata ta biyu na kauce hanya, Allah ya yafe mini. Kwana huɗu ko biyar bayan nan, fitsari ya koma mini kamar ana zuba barkono, da safe in ga mugunya a wando. Kunya ta hana ni zuwa asibiti. Na tare wani mai tallan magani a bakin kasuwa, kwalayensa jere a faranti rana na dukansu, na raɗa masa cewa sanyi ke damun wani abokina. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɓallo kafso huɗu, ja da rawaya, ya ƙunshe mini a takarda. Zafin ya lafa, na ce na warke. Da babbar Sallah na tafi gida.

Watanni bayan nan matata ta fara ciwon mara da ba ya jin magani. Aka ce sanyin masai ne, aka ce iska ce, aka yi jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Shekara huɗu ba ciki. Dangina suka fara yi mata kallon juya, har ana kawo mini maganar ƙarin aure, ita tana kuka a ɗaki, ni kuma na san inda abin ya samo asali na yi shiru. Sai da wata likitar mata ta ce ba za ta ƙara rubuta mata komai ba sai an zo da mijin, sannan na buɗe baki. Ta bayyana mana cewa ƙwayar ta hau har bututun mahaifa ta bar tabo. Allah ya ba mu ɗiya daga baya, amma shekarun nan huɗu ba mai mayar wa baiwar Allah nan da su.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya tsaya gaban mai lasifika yana sayen gorar "maganin sanyi kowane iri". Kalmar sanyi ita ke ruɗa mu, don mun tara cututtuka daban-daban mun ba su suna ɗaya. Wanda ya kama ni, mai mugunya, shi ne gonoriya, kuma ƙwayarsa ta daina jin yawancin tsofaffin magungunan da ake tallansu, yanzu allurar seftiriyazon ake yi. Sau da yawa yana tafe da kalamidiya, wadda maganinta daban ne, kuma takan zauna a jikin mace ko namiji ba wata alama. Tunjere kan fara da ɗan gyambo a gaba wanda ba ya zafi, ya warke da kansa, mutum ya saki jiki, alhali ciwon ya shige jini; a jikin mai ciki yana kawo ɓari ko a haifi jariri ba rai. Allurar penisilin ke kashe shi. Duk waɗannan ana warkewa sarai in an yi maganin da ya dace, aka kuma gama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa da irin waɗannan masu warkuwa a kowace rana, kuma yawancinsu ba su ga alamar komai ba. Ba a masai ake ɗaukar su ba, a daina ɗora wa mata wannan.

Ƙanjamau, da a nan ake kira sida, ba a warkewa, amma maganin da ke danne shi kyauta ake ba da shi a Nijar, mai shan sa kullum kuma yana rayuwarsa yana haifar 'ya'ya lafiyayyu. In ka san ka faɗa haɗari, akwai maganin da ake fara sha cikin awa 72 a ci gaba har kwana 28, yana tare ƙwayar kafin ta kama. Gwajin da aka yi washegari ba ya nuna komai, sai an maimaita bayan wata 3. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya fi sida yawa nesa ba kusa ba, nan da gida duka. Ana ɗaukarsa a shimfiɗa, da wajen haihuwa, da askar wanzami ko rezar mai yankan farce da ba a sauya ba. Yana da rigakafi, allura uku.

Maganin da ya fi kowane shi ne mutum ya kama kansa, mai iyali ya riƙa leƙa gida ko ya ɗauko iyalinsa. Wanda ya san ba zai iya ba, kada ya haɗa zunubi da cutar da baiwar Allah da ke jiransa: kwaroron roba mai suna Foula yana nan a farmasi da shaguna, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Masu ɗaura aure cikin gaggawa a nan kuma, saurayi ne ko bazawari, ku je ku biyun a gwada jininku kafin a shafa fatiha.

Ga wanda ya riga ya ga alama, ƙanena, a nan in ka ji an ce "likita" asibiti ake nufi, mai duba ka kuma "lokotoro". Unguwanni suna da ƙaramar likita da ake kira CSI, can za ka fara. In kana jin nauyin a gan ka, hau taksi ka je ta wata unguwa, ko asibitin ANBEF, ƙungiyar kula da lafiyar iyali. Rashin Faransanci ba hujja ba ne, da wuya ka rasa ma'aikacin da ke jin Hausa. Faɗi gaskiya: yaushe ya fara, me ka riga ka sha. Takardar maganin da aka rubuta maka, kai ta farmasi, ka saye shi duka, ka shanye ko da zafin ya tafi tun rana ta biyu. Ka ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan an gama. Sai abin da ya fi nauyi, wanda ni na kasa: matarka ma a yi mata magani lokaci guda, ko ba ta jin komai, in su biyu ne su biyun.

Makon jiya wani yaro ɗan Gusau ya same ni a rumfa, ya daɗe yana kewaye-kewaye, can ya ce abokinsa ne ba shi da lafiya. Na ba maƙwabcina ajiyar rumfar, na ɗauke shi a babur muka haye gada zuwa Harobanda, inda ba wanda ya san shi. Da muka fito ya ce wata mai zuwa zai tafi ganin amaryarsa. Na ce ya kira ta yau.