Fumfuna a Bangon Ɗaki: Kurakuran da Ke Sa Ta Yi Ta Dawowa

Ranar da na janye kabad ɗin kaya daga jikin bango, abin da na gani ya daɗe yana damuna. Bayan katakon duk ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, takalmin fatar da ke ƙasa ya fitar da wani kore-kore mai laushi kamar auduga, ga wari irin na tsumman da aka manta a jiƙe. A ɗakin nan yarinyata take kwana, kuma ta yi makonni tana tari da dare muna cewa mura ce. Na wanke bangon tas, na sa aka yi sabon fenti. Ba a rufa wata biyu ba tabon ya sake ɓullowa daidai inda yake. Ashe bututun banɗaki ne da ya ratsa cikin bangon yake tsiyaya a hankali.

Kuskuren da ya haifi sauran ke nan: ɗaukar fumfuna a matsayin datti. Fumfuna halitta ce mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iskar kowane gida, ido ba ya ganinsu, kuma ba wanda ya isa ya kore su gaba ɗaya. Abincinta ma yana ko'ina: katako, takarda, kwali, fata, yadi, har ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Abu ɗaya take jira ta tsiro, shi ne laima. Duk inda ka gan ta, akwai ruwan da ke zuwa wurin. In ka goge tabon ka bar ruwan, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba.

To ta ina ruwan yake shigowa? Yawanci ta hanya uku. Akwai yoyo, daga rufi, ko indararo da ya toshe, ko bututu, ko tsagar bango. Tabonsa yakan tsaya wuri guda, in na rufi ne ya ƙara faɗi bayan an yi ruwan sama. Akwai danshin da ke hawowa daga ƙasa, wanda ke cin gindin bango, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Na ukun shi mutane suka fi kasa ganewa, don ba abin da ya fashe: tururin cikin gida ne ke komawa ruwa idan ya taɓa wuri mai sanyi, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi. Iskar da zafinta ya kai digiri 30 tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowace mita murabba'i mai zurfin mita ɗaya, amma a digiri 20 kusan giram 17 kawai take riƙewa. Ragowar sai ta sauke shi a gilashin taga, da kusurwar silin, da bayan kabad inda iska ba ta kewayawa.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabewa. Share wurin ya bushe, ka manna leda a bangon, ka liƙe gefenta huɗu da kyau, ka bar ta kwana biyu. In gumin ya taru a fuskar ledar da ke kallon ɗaki, tururin gida ne. In ya taru tsakanin leda da bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa, kuma buɗe taga ba zai magance shi ba, sai an nemo mai gyaran famfo ko magini. Wani abin lura: farin garin da ke fitowa a bangon siminti ko bulo ba lallai fumfuna ba ce, sau da yawa gishirin ginin ne da ruwa ya turo waje. Ɗiga masa ruwa. Gishiri zai narke, fumfuna ba ta narkewa. Amma shi ma shaida ne cewa bangon yana shan ruwa.

Fenti a kan fumfuna gyaran gangar Auzinawa ne. Tana nan a ƙarƙashi tana ci, fentin ya ɓare, an yi asarar kuɗi da wahala. Fesa turare don kashe warin ma haka yake, hanci kawai aka rufe wa baki.

Sai maganar bilic, inda na fi jin tsoro. Mutane da yawa sun ɗauka shi ne maganin komai, har suna ganin in an haɗa shi da wani sinadarin zai fi ƙarfi. Don Allah kada a yi wannan. Bilic da ruwan khal, ko da maganin wankin masai mai tsami, suna fitar da iskar kulorin. Bilic da amoniya, sinadarin da ke cikin wasu magungunan goge-goge, suna fitar da wata iskar mai guba ita ma. A ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar ƙofa, ɗayansu ya isa ya ƙona ido da maƙogwaro ya kai mutum asibiti. Wanda zai yi amfani da bilic ya tsaya a ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar, wato kada ya wuce kofi 1 a galan 1 na ruwa, kusan lita 4 ke nan, taga a buɗe. Kuma a san iyakarsa. A kan tayil, gilashi ko ƙarfe yana aiki. A kan katako ko silin mai shan ruwa, launin kawai yake gusarwa a sama, jijiyoyin suna ciki, ga shi an ƙara wa wurin ruwa. Ga wuri mai santsi, ruwa da sabulun wanki da buroshi sun wadatar, muddin za a busar sarai. Dole ne kuma a kwashe abin da aka goge, domin matacciyar fumfuna ma tana tayar da atishawa da asma.

Yadda ake gogewar ma ana kuskure. Kankare busasshiyar fumfuna da tsintsiya, ko kunna mata fanka, watsa irinta ne cikin gida. A ɗan jiƙa wurin tukuna, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna, a sa safar hannu, da tabarau mai rufe ido, da takunkumi nau'in N95. Tsumman da aka yi aiki da shi a ƙulle a leda a fitar. Mai asma da yara ba sa cikin wannan aikin.

Abin da ya fi ciwo shi ne rabuwa da kaya. Katifa, kafet, kwali, allon silin da suka jiƙe har fumfuna ta shige cikinsu, wanki ba ya kaiwa inda take. Na san katifa ba abin wasa ba ce, amma mutum yana kwana a kanta awa 7 ko 8, hancinsa a manne da ita. Hanyar tsira da kayan ita ce gaggawa tun farko: abin da ya jiƙe, in aka busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, galibi fumfuna ba ta samun damar kamawa. Shi ya sa "bari sai ƙarshen mako" kuskure ne mai tsada. A ɗaga kafet a duba ƙarƙashinsa, don samansa kan bushe ƙasan yana jiƙe sharkaf.

Wasu kuma launi suke dubawa: in baƙa ce hankali ya tashi, in fara ko koriya ce a ce ba komai. Launi ba ya nuna haɗari. Irin da ake kira Aspergillus, mai zuwa da launuka daban-daban, yana iya kama huhun mai raunin garkuwar jiki, ko wanda tarin tibi ya taɓa bar wa rami a huhu. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan laima da fumfuna a gidaje, tana danganta su da ƙaruwar tari, shessheƙar numfashi da asma. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale na Ingila, binciken hukuma a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar gidansu ne sanadi. Don haka mai haya kada ya yi shiru don kunya ko gudun rigima. Ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gida a rubuce da kwanan wata. In faɗin wurin ya wuce kamar mita 1 tsawo mita 1 faɗi, ko ruwan da ya jawo ta na masai ne, aikin ya fi ƙarfin buroshin gida, na ƙwararru ne.

Ragowar kurakuran na yau da kullum ne, kuma mu muke yin su da hannunmu. Shanya wanki a rufaffen ɗaki yana gaba. Auna kayan a jiƙe, ka sake aunawa a bushe: duk kilo 1 da ya ragu, lita 1 ce ta ruwa da ta shiga iskar ɗakin. Girki ba murfi ba taga, wanka da ruwan zafi a fito a rufe ƙofa, toshe ƙofofin iska don gudun ƙura, cusa tufafi a kabad da sauran danshi, barin bututun na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a jikin bango, duk suna tara laima. Ƙaramar na'urar auna laimar iska tana taimakawa. Abin nema shi ne ta zauna ƙasa da kashi 60 cikin 100, in da hali tsakanin 30 da 50. Kabad da gado a janye su daga bango kamar faɗin tafin hannu.

A wancan ɗakin namu, bayan an canza bututun, ban yarda an taɓa fenti ba. Na zagaye tabon da fensir, na rubuta kwanan wata a gefe, na bar taga a buɗe kullum. Duk bayan 'yan kwanaki ina manna leda in duba. Bangon siminti yana daɗewa kafin ya saki ruwan da ya sha, sai da aka yi makonni kafin ledar ta fito a bushe ta kowane ɓangare. Ranar ce na kira mai fenti, kabad kuwa na mayar da shi ɗaya bangon.