Yadda Ake Binciken Ɗorewar Kasuwancin Iyali a Kaduna

Ɗalibin da ya zaɓi rubuta kundin digirinsa a kan ɗorewar kasuwancin iyali, ko a Jami'ar Jihar Kaduna yake ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba zai daɗe yana karatu ba zai ci karo da alƙaluman da ake ta maimaitawa, wato cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na irin wannan kasuwanci ne ke tsallakawa zuwa hannun 'ya'ya, kashi 13 kuma zuwa hannun jikoki. Aikin farko shi ne ya san daga ina suka fito. Tushensu binciken John Ward ne na shekarar 1987, wanda ya bi tarihin masana'antu 200 na jihar Illinois ta Amurka. Ba a yi shi a kan mai shagon atamfa a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi ba, ba a kuma yi shi a kan maƙerin kasuwar Panteka ba, don haka ana iya ambatonsa a babin bitar ayyukan magabata, amma kuskure ne a kafa shi hujja a kan Kaduna.

Daga nan sai a tsayar da ma'anar ɗorewa, kuma a nan ne ya kamata mai bincike ya fi daɗewa, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya. Yawancin nazarin ƙasashen waje yana ɗaukar cewa kasuwanci ya ɗore idan kamfani ɗaya, da suna ɗaya, ya ci gaba a hannun iyali ɗaya. A wurin Musulmin Kaduna kuwa akwai rabon gado, wanda Suratun Nisa'i ta fayyace kasonsa. A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya maza uku da mata biyu, kuma iyayensa sun riga shi. Bayan an biya bashi an cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, matan biyu za su raba tumuni a tsakaninsu, saura kuma a kasa shi takwas, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya. Idan aka yi lissafin za a ga babu ɗa ko ɗaya da ya mallaki ko da rubu'in dukiyar. To, idan aka raba, babban shago ya zama ƙananan shaguna uku, kowanne yana ciniki da abokan hulɗar mahaifin, shin kasuwancin ya mutu ko ya hayayyafa? A ganina amsar da ta fi dacewa da garinmu ita ce a bi iyalin da sana'ar, ba allon da ke ƙofar shago ba. Ko da ɗalibi ya zaɓi wata ma'anar, wajibi ne ya rubuta ta ƙarara a babi na ɗaya, ya kuma tsaya a kanta har ƙarshe.

Kada a manta kuma Kaduna gari ne mai jama'a iri-iri. Iyalan da ke bin dokar al'ada ko rubutacciyar wasiyya suna da nasu tsarin gadon, saboda haka a tambayi kowane iyali dokar da ta yi aiki a kansa, kada a zuba su a kwando ɗaya. Haka nan a tambayi irin rajistar da aka yi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin sunan kasuwanci kawai ba ya rabuwa da mai shi a idon doka, alhali kamfani mai hannun jari yana ci gaba da wanzuwa bayan rasuwar wanda ya kafa shi, hannun jarin ne ake gada. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Game da ra'in da za a ɗora aikin a kansa, biyu sun wadatar. Na farko shi ne tsarin da'irori uku na Renato Tagiuri da John Davis na Jami'ar Harvard, wanda ya raba mutane zuwa 'yan iyali da masu mallaka da masu aiki a kasuwancin. Amfaninsa a nan shi ne yana nuna gurbin mutanen da ake yawan mantawa da su: 'yar da ta gaji kaso tana gidan mijinta ba ta taɓa zama a shago ba, da babban yaron shago da ya san kowane dila da kowane mai bashi amma ba shi da ko sisi a gadon. Na biyu shi ne binciken Gómez-Mejía da abokan aikinsa na 2007 a kan matatun man zaitun na iyalai a kudancin Sifaniya, wanda ya nuna iyali na iya karɓar kasadar asarar kuɗi don kada ragamar kasuwancin ta fita daga hannunsa.

Zaɓen waɗanda za a yi hira da su yana da tarko. Ɗalibi yakan je kasuwa ya raba takardun tambayoyi ga waɗanda ya tarar a shagunansu, ya lissafa adadinsu da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai nuna yawan mutanen da ya kamata a tambaya, ya dawo da murna. Amma duk wanda aka tarar a shago kasuwancinsa yana raye ne, kuma ba a gane dalilin mutuwa ta hanyar tambayar rayayyu kaɗai. Sai a nemi shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da dattawan layi a Kasuwar Barci ko Panteka, a roƙe su su tuno shagunan da suka yi suna a da suka kuma ɓace, sa'annan a bi sawun magadan. Wannan ya fi wahala nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke bambanta kundi mai amfani da wanda za a jibge a ɗakin karatu.

Hira da dattijon da ya kafa kasuwanci tana buƙatar ladabi da dabara. A je ta hannun wanda ya sani, a zaɓi lokacin da ciniki ya lafa, a gaisa sosai kafin a fito da biro. Ba a ce wa mutum, "Wa zai gaje ka idan ka mutu?" Abin da ya fi shi ne a ce, "Baba, lokacin da ka tafi aikin Hajji, wa ka bar wa makullin shago da littafin bashi?" Amsar wannan tambaya tana bayyana wanda aka amince da shi fiye da duk wata takardar tambayoyi mai zaɓin amsa biyar. Ana iya bin ta da tambayar wanda ke zuwa saro kaya, da wanda ke sa hannu a banki, da yadda ake sallamar yara idan sun daɗe suna hidima. A kuma lura da lafiyar dattijon da abin da yake dogaro da shi, domin sau da yawa ƙin sakin ragama ba taurin kai ba ne, shagon ne fanshonsa, nan ne kuma majalisarsa. A yi hira da 'ya'yan daban, musamman idan ba ɗakinsu ɗaya ba, kuma a nemi mace mai taimakawa don shiga gidaje, tunda sana'o'in mata da yawa a cikin gida ake yin su, uwa na miƙa wa 'ya.

Kada a tambayi adadin jari kai tsaye, domin za a ɗauki ɗalibi ɗan leƙen asirin masu haraji. Yawan yaran shago da shaguna da motocin kaya sun isa a kimanta girman kasuwanci.

Kafin a naɗi murya a nemi izini, a karanta wa mutum takardar amincewa da Hausa, a kuma samu sahalewar kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai. A wajen rubutu, sauya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum a kasuwar da kowa ya san kowa, don haka idan za a kawo rikicin gado a cire sunan layi da irin hajar da yawan matan mamacin, a bar abin da nazarin ke buƙata kawai.