Toshewar jijiyar ƙafa: kurakuran masu neman sauƙi a maganin ganye

Mutum ya yi tafiyar minti biyar, sharaɓarsa ta ɗaure kamar an matse ta da igiya, ya tsaya, ciwon ya lafa. Sau da yawa jijiyar da ke kai jini ƙafa ce ta tsuke. Daga nan ake fara kuskure.

Wasu kan sayi ruwan ganye ba su san wace jijiya ce ta lalace ba. Maganin kumburin ƙafa na jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ne, ba ya buɗe wadda ta toshe. A asibiti ana auna ƙarfin jini a idon sawu, a gwada shi da na hannu. In aka raba na idon sawu da na hannu, sakamakon ya gaza 0.9, akwai toshewa.

Ganyen ginko, wata bishiyar ƙasar Sin, ya yi suna ƙwarai. Amma nazarin Cochrane (ƙungiyar da ke tantance binciken magunguna) na 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje 14, bai ga ya ƙara wani nisan tafiya na a zo a gani ga masu wannan ciwo ba. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne barin taba da kuma yin tafiya a ƙasa: minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, har wata uku. A tafi sai ciwo ya taso, a huta, a ci gaba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne haɗe-haɗe a ɓoye. Ginko da ƙwayoyin tafarnuwa suna iya hana jini daskarewa da wuri. A ɗora su kan asfirin ko warfarin (magungunan hana jini daskarewa), sai a ga haɓo, ko jini a dasashi, ko baƙin bayan gida. Kada a ji nauyin likita. A kai masa kwalbar ya karanta da idonsa, musamman in za a yi tiyata. Kuma kada a ajiye maganin rage kitsen jini don an samu ganye.

Mai ciwon suga kuwa, don Allah kada ya gasa ƙafa da ruwan zafi, kada ya liƙa dakakken ganye a kan gyambo. Sau da yawa ƙafar ba ta jin ƙuna, jinin da zai warkar da ita kuma bai isa ba.

In ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ta yi ciwo mai tsanani ko ta mutu, ba lokacin jiƙo ba ne. Cikin kimanin awa 6 nama yake fara mutuwa. A nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.