Matakan Zaɓen Kyamarar Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Ruwa Mai Duhu

Duk mai son ɗaukar hoto a cikin kogin Isa a Yamai, ko a tabkin Tabalak da ke jihar Tawa, ya san cewa ruwanmu yana da laka, kuma haske yana raguwa da zarar an ɗan nutsa.

Mataki na farko shi ne ka tantance zurfin da za ka kai. Misali, kyamarar Olympus TG-6 tana jure zurfin mita 15 ba tare da akwatin kariya ba, GoPro ta zamani kuwa mita 10.

Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, ka duba yadda kyamarar take tara haske. Ka nemi gilashin da yake buɗewa har f/2, domin ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofar haske. Sannan ka fifita babban sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, kamar na inci 1, ko da zai tilasta maka sayen akwatin kariya, saboda idan aka ɗaga ISO (saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu) zuwa 1600 hoton ƙaramin sensa yakan cika da ɗigo-ɗigo.

Na uku, ka tabbatar tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, tunda ruwa yana fara haɗiye launin ja, kuma wannan tsari yana sauƙaƙa gyaran launi a kwamfuta.

Na huɗu, ka zaɓi wadda ake ɗaura wa fitila a gefe, domin filashin jikinta ƙwayoyin laka yake haskawa, sai hoton ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo.

Kafin ka shiga kogi, ka share robar murfin batir, tunda ƙwayar yashi ɗaya tana iya shigar da ruwa, sannan ka gwada kyamarar a bokiti.