Kurakuran da aka fi yi idan za a yi wa kare ko mage sikanin

Na'urar sikanin da sauti take aiki, wani siririn sauti da ko kunnen karen ma ba ya jinsa, tana tura shi cikin jiki ya bugi hanta ko ƙoda ya dawo kamar amsa-kuwwa, sai kwamfuta ta haɗa hoton a allo. Sautin nan yana ratsa ruwa da tsoka lafiya lau amma da ya ci karo da iska ko ƙashi shikenan ya tsaya. Yawancin kurakuran da mutane ke yi daga rashin sanin wannan suke tasowa.

Na farko dai abinci. An ce a kawo kare gobe da safe kar ya ci komai, sai tausayi ya kama mai shi, wai ɗan kaɗan ne na ba shi kar yunwa ta galabaitar da shi. Toh wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya cika tumbi da abinci da iska, likita ya ɗora na'ura ya ga fari fat a sama, ƙasansa kuma inuwa baƙa, duk abin da ke bayan tumbin ya ɓuya. Awa 8 zuwa 12 ake so a ɗauke abinci, ruwa yawanci ana barinsa. Amma fa kar ka yanke hukunci da kanka in dabbar na da ciwon suga ana mata allurar insulin, ko ƙaramin kwikwiyo ne, waɗannan sugansu na iya faɗuwa, ka tambayi likitan dabbobin tukuna. Mage ma ba a wuce gona da iri wajen hana ta abinci, doguwar yunwa na taɓa mata hanta.

Sai fitsari, wanda kowa ke mantawa. Ka sauko daga mota karen ya samu gindin bishiya ya ɗaga ƙafa ya juye komai, kana tsaye kana jiransa. Mafitsara cike ake so, in babu komai a ciki takan motse bangonta ya yi kauri har a ɗauka ciwo ne, ƙananan tsakuwa kuma su yi wuyar gani, alhali akwai irin tsakuwar da hoton ƙashi, wato X-ray, ba ya nunawa sai sikanin. Ka riƙe shi kamar awa biyu kafin lokacin. Banda muzurun da ke ta yunƙuri fitsari ya ƙi fita, shi wannan ba jira ake yi ba, a ruga da shi nan take.

Rigimar aski kuwa abin har dariya yake ban, mutum ya ce a yi komai amma kar a taɓa gashin. Gashi iska yake riƙewa a tsakaninsa, ko kwalbar jel guda aka zazzage hoton ba zai fito yadda ake so ba. A bari a aske cikin, zai tsiro. Haka masu ƙin a yi allurar da ke kwantar da dabba, su ma ban ga hikimarsu ba, sikanin ba zafi amma kwanciya rigingine minti 20 ko 30 a hannun baƙi ba wasa ba ne, kare mai tsoro haki yake yana haɗiyar iska yana ɗaure ciki, hoto na ta rawa.

Inda na fi ganin ana samun saɓani shi ne duba ciki. An yi barbara kwana goma da suka wuce, mai karya ya matsu, a duba a ce ba a ga komai ba ya tafi yana cewa ba ta ɗauka ba. Ai da wuri ne. Cikin karya kusan kwana 63 ne, kuma sai wajen kwana 25 zuwa 30 ake ganin 'ya'yan sosai har da bugun zuciyarsu, wanda a lafiyayyen ɗan tayi yakan haura 200 a minti, ka gan shi a allo yana ƙyaf-ƙyaf kamar ƙiftawar ido. Kuma dan Allah kar ka riƙe adadin 'ya'yan da aka faɗa maka kamar yankan wuƙa. Mahaifar karya reshe biyu ce dogaye, na'urar yanki-yanki take gani, ana iya ƙirga ɗaya sau biyu ko a tsallake wani. In ƙidaya kake so sai hoton ƙashi bayan kwana 45, lokacin ƙasusuwan sun yi ƙwari a ƙirga kawuna. Karyar da cikinta ya kumbura 'yan makonni bayan ta gama jinin neman namiji tana ta shan ruwa ba ta cin abinci, kar a zauna ana murnar ciki, yana iya zama mugunya ce ta taru a mahaifa, kuma tana kisa.

Wasu kuma kare na ɗingishi ko tari su dage sai sikanin don sun ji ba shi da illa irin ta hoton ƙashi. Ƙashi da huhu ba fagensa ba ne. Zuciya ce fagensa, a nan ake gane magen da bangon zuciyarta ya yi kauri, ciwon da aka san wasu nau'in mage irin su Maine Coon da Ragdoll da shi.

In kuma an ce an ga ƙari a saifa ko hanta, kar ka fara kuka wai ciwon daji ne. Hoton yana nuna girma da siffa da inda abin yake, ba ya faɗin mene ne shi. Sai an zura siririyar allura, ana kallon allo, an ɗebo kaɗan an kai lab, wani lokacin ma sai an yanko ɗan nama kafin a sa masa suna. Ka nemi rubutaccen sakamako da hotunan ka ajiye, don in an sake dubawa bayan wata ɗaya ko biyu da su za a gwada a ga ko ya ƙaru.